Na Ƙirga Kuɗin, Ban Ƙirga Watanni Ba

Ma'aikacin da ya rasa aikinsa a Najeriya ba shi da wata hukuma da za ta riƙa ba shi ko sisin kwabo duk wata har ya samu wani aikin. Abin da yake komawa gida da shi bai wuce uku ba: albashin notis, da kuɗin sallama idan ƙungiyarsa ta iya ciwo masa su daga hannun kamfani, sai kashi 25 cikin 100 na abin da ke cikin asusun fanshonsa, wanda ba zai taɓa ba sai ya yi wata huɗu a zaune. Waɗannan abubuwa na haddace su tun ina sabon sakataren reshen ƙungiyar ma'aikata a wata masana'antar roba a Kano. Ina iya kawo sashen doka da lambarsa ba tare da na buɗe takarda ba, ma'aikata kuma suna ganin girmana saboda haka. Da wannan sanin na sa mutanen da suka ba ni amana suka sa hannu a kan abin da bai ishe su ba. Ina rubuta wannan ne domin wanda yake kan irin kujerar da nake kai, da kuma wanda wata rana za a miƙa masa biro a ce ya sa hannu.

Shekarar 2023 ta zo wa masana'antu da abin da ba su shirya masa ba. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kafin mako ya zagayo litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya sakar wa naira mara, dalar da ake samu a kusan naira 460 a farashin gwamnati ta tsallake 700. Ƙwayar robar da muke narkawa da dala ake yi mata kuɗi. Janareton da ke riƙe da injuna idan an ɗauke wuta dizal yake sha, litarsa kuwa ta kai naira dubu kafin shekara ta ƙare. Magidancin da a da yake saya wa iyalinsa bokiti da baho da buta ya koma lissafin kwanon masara kawai. Kaya suka yi jibge a sito, 'yan sari suka ɗauke ƙafa. A shekarar ne manyan kamfanoni irin su GlaxoSmithKline da Procter & Gamble suka sanar da naɗe tabarmarsu ko daina sarrafa kaya a ƙasar, balle mu. Don haka da shugabannin kamfani suka kira mu wajen ƙarshen damina suka ce za su rufe sashe guda su rage ma'aikata, ban ga laifinsu ba, har yau kuma ban ce sun yi ƙarya game da halin kasuwa ba.

Dokar Ƙwadago, wadda muka gada tun mulkin soja na shekarun 1970, ta yi magana a kan rage ma'aikata a sashe na 20. Ta ce mai kamfani ya sanar da ƙungiya dalilinsa da yawan waɗanda abin zai shafa, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan kuɗin sallama. Ba ta faɗi ko nawa ba. Sashe na 11 kuma ya ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye notis ɗin wata ɗaya ne haƙƙinsa, wanda ya yi shekara biyu bai kai biyar ba kuwa mako biyu. Iyakar abin da doka ta tabbatar wa mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin inji ke nan. Sauran duk ya rataya ne a bakin waɗanda suka zauna teburin sasantawa, ni kuwa ina cikinsu.

Da farko kamfani ya ce albashin notis kaɗai zai iya. Muka ja, suka ja, muka ce za mu kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago. Daga ƙarshe suka amince da albashin mako biyu a kan kowace shekarar aiki, amma a kan tsurar albashi, ban da alawus. Suka ƙara da cewa kuɗin suna hannu yanzu, in muka ja lokaci banki zai iya riƙe su saboda bashin da yake bin kamfani. Na fito daga ɗakin taron ina jin mun yi nasara. Akwai kuma abin da ban yarda na faɗa wa kaina ba a lokacin, wanda dole in faɗe shi yanzu: sunana ba ya cikin jerin waɗanda za a sallama. Wanda albashinsa zai shigo ƙarshen wata yana da saurin gamsuwa da abin da za a ba wanda nasa ya yanke.

Muka tara ma'aikata bayan sallar la'asar a gindin darbejiyar da ke bayan masallacin kamfani. Na jingina allo a jikin bishiyar na ɗauki alli na kawo misali da mutumin da ya yi shekara goma, wanda yake karɓar naira 60,000 a wata, tsurar albashinsa 30,000. Mako biyu-biyu na shekara goma, 150,000. Notis, 60,000. Sannan na zo kan fansho: Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa duk wata. A ƙiyasce mai shekara goma ya tara sama da miliyan ɗaya, kashi 25 ɗinsa zai kai wajen 270,000. Na haɗa, na ja layi a ƙasa, na rubuta 480,000, na juyo na ce musu, "Kusan rabin miliyan ke nan." Na ga yadda fuskoki suka saki. Yawancinsu ba su taɓa riƙe naira dubu ɗari biyu tasu ta kansu a lokaci guda ba.

Wani dattijo mai kula da sito, wanda kowa ke ce wa Baba, ya ɗaga hannu.

"Sakatare, ni ban yi boko mai nisa ba. Wannan rabin miliyan da ka rubuta, wata nawa zai kai mutum da iyalinsa?"

Na ce, "Baba, ai wannan ya danganta da yadda mutum ya riƙe kuɗinsa. Mai dabara sai ya ja jari."

Ya ce, "To. Kuɗin fanshon nan fa, ka gan su da idonka?"

Na ce, "Doka ce, Baba. Duk wata ana cira, yana nan a takardar albashinka."

Ya ce, "Ina ganin an cira, ɗana. Inda aka sa ne ban taɓa gani ba."

Wasu suka yi dariya, ni kuma na wuce zuwa magana ta gaba. Baba ya ce Allah ya sa mu dace, ya sa hannu tare da saura. A ƙasan takardar akwai layin da ke cewa wanda ya karɓi kuɗin nan ba shi da sauran haƙƙin da zai nema a wurin kamfani. Na karanta musu shi, na ce ai haka ake rubutawa a ko'ina.

Wata huɗun ta cika a Fabrairun 2024, daidai lokacin da dala ta wuce naira 1,500, kwanon shinkafa da na masara suka ninka kuɗinsu, mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, azumi kuma yana bakin ƙofa. Wani matashi da ya yi aiki a injin narka roba ya kira ni ya ce in taimaka in raka shi ofishin kamfanin da ke kula da fanshonsa, don ba ya gane abin da suke faɗa masa. Ya zo da takardun albashinsa a cikin leda, ya jera su wata bayan wata, kowace tana nuna an cire masa kashi 8. Ma'aikaciyar ofishin ta buga mana bayanin asusunsa. Daga sama kowane wata yana da lambarsa a gefe, har zuwa farkon 2020, lokacin kullen korona. Daga nan sai fili. Can ƙasa wata ɗaya ko biyu an zuba, sai kuma fili har ƙarshen takarda. Fiye da shekara uku ana cire masa kuɗi ba a kai su inda doka ta ce ba, kuma shekarun da albashinsa ya fi kauri ne. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Malam, kai ma naka haka yake?" Ban sani ba, domin ban taɓa dubawa ba. Da na duba, nawa ma haka yake.

Dokar 2014 ta wajabta wa mai kamfani ya zuba kuɗin nan cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, ta kuma ɗora masa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kan kowane wata. Kowane ma'aikaci yana da damar neman bayanin asusunsa duk lokacin da ya so, a ofis ko ta waya. Da na nemi mutum biyar kawai su kawo nasu kafin mu zauna da kamfani, da maganar sasantawa ta sauya gaba ɗaya, domin a lokacin suna buƙatar sa hannunmu. Bayan an sa hannu an watse, mu ne muka koma masu roƙo. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na san abin da doka ta ce a yi, sai na ɗauka shi aka yi.

Amma ko da an zuba kowane kwabo, lissafina na kan allo bai tsaya daidai ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Raba 480,000 da 60,000, wata takwas ke nan, in farashi ya tsaya inda yake. Bai tsaya ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Sannan abin da ya shiga hannun mutum ranar sallama 210,000 ne kawai, wato albashin wata uku da rabi, alhali ƙofar fansho ba ta buɗewa sai bayan wata huɗu. Tun a kan allon akwai rami tsakanin ƙarewar wannan da isowar wancan, na haɗa su wuri guda na rufe ramin da alli. Tambayar da Baba ya yi ita ce ainihin ma'aunin kuɗin sallama, ni kuwa na mayar masa da ita kamar laifin zai zama nasa idan kuɗin suka ƙare.

Ban da albashi, akwai abubuwan da ke tafiya tare da aiki waɗanda ba a rubuta su a takardar sallama. Motar kamfani da ke ɗauko mutum da safe, abincin rana, katin asibitin da matarsa ke zuwa awo da shi. Sai kuma mutunci a wurin mai kanti, wanda yake ba da kayan cefane bashi saboda ya san ƙarshen wata na zuwa. Ranar da labari ya bazu an sallame ka, bashi ya tsaya. Ranar da aka ji an biya ka, masu bin ka suna bakin zaure. Bashin da ma'aikaci ya ci a asusun taimakon juna na kamfani tun kafin kuɗin su iso hannunsa aka zare shi. Hayar gida ta shekara ce, ba ta jira. Kuɗin makaranta ya zo a Janairu. Waɗanda suka bi shawarata ta jan jari, wani ya sayi na'urar POS ya kafa tebur a layin da akwai tebura huɗu kafin nasa, wani ya karɓi A Daidaita Sahu haya, tsadar mai da kuɗin balas suka cinye abin da yake samu. Jarin da gida yake ci daga cikinsa kullum ba ya daɗewa. An cire yara daga makarantar kuɗi. Wani ya tura matarsa da 'ya'yansa gidan iyayenta da sunan ta je ta ɗan huta, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Baba ya koma ƙauyensu ya kama fartanya da shekarunsa. A da idan na ji labarin wanda kuɗin sallamarsa suka ƙare cikin 'yan watanni, sai in ce bai iya riƙe kuɗi ba. Na zalunci mutane da yawa da wannan magana kafin in zalunci waɗannan da sa hannu.

Akwai kuma leburori 'yan kullum, masu lodi da masu shara, waɗanda wasunsu sun fi ni daɗewa a wurin. Ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da asusun fansho, ba 'yan ƙungiya ba ne. Mai gadi ne ya faɗa musu a bakin get kada su dawo. Ko sau ɗaya ban ambace su a teburin sasantawa ba.

Ba ni da uzurin cewa ba a taɓa ganin irin haka ba. Masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Duk wanda ya tashi a Kano ya san yadda gine-ginen masana'antu suka koma kufai ko sito a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Darasin waɗannan wurare guda ne: haƙƙin ma'aikaci da aka bari a aljihun kamfani yana nutsewa tare da kamfanin.

Bayan abin ya faru na zauna na bincika yadda wasu ƙasashe suke yi, domin in gane ko nawa ne ake kira isasshe. Afirka ta Kudu tana da asusun inshorar rashin aiki da ake kira UIF. Ma'aikaci yana zuba kashi 1 na albashinsa, mai kamfani ya zuba kashi 1. Idan aiki ya yanke ana biyan mutum tsakanin kashi 38 zuwa 60 na albashinsa, mai ƙaramin albashi shi ke samun kaso mafi girma, har tsawon kwana 365 ga wanda ya yi shekara huɗu yana zubi, ko da yake abin yana raguwa a watannin ƙarshe. Tun 2003 har masu aikin gida suna ciki. A Jamus ana biyan kashi 60 na abin da mutum yake kai wa gida, kashi 67 idan yana da 'ya'ya, har shekara guda, masu manyan shekaru kuma fiye da haka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 102 ta 1952, ta sa mafi ƙarancin ma'auni: kashi 45 na albashi ga magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, na aƙalla mako 13.

Su ma can ba su gama da gardama ba. A Birtaniya abin da ake ba wanda ya rasa aiki bisa zubin da ya yi a 2024 kimanin fam 90 ne a mako, na wata shida, komai girman albashinsa na da, kuma mutane da yawa suna kukan ba ya riƙe gida. A Amurka yawancin jihohi mako 26 suke biya, da korona ta zo a 2020 sai da majalisa ta ƙara dala 600 a kowane mako, abin da ya nuna na kullum ɗin bai isa ba. A Afirka ta Kudu ana kukan dogon layi da jinkirin biya. Duk da haka abu uku ya haɗa su, kuma su ne na rasa a kan allona. Suna auna taimakon da tsawon lokacin da zai ɗauki mutum. Suna biya kaɗan-kaɗan yadda albashi yake zuwa, don haka babu ranar da masu bin bashi za su taru a kan kuɗin gaba ɗaya. Kuɗin kuma suna cikin asusun da kowa ya zuba tun yana da aiki, wanda faɗuwar kamfani guda ba ta taɓa shi.

Kashi 25 ɗin da muke tutiya da shi ba ya cikin wannan sahu. Kuɗin mutum ne na tsufansa, kuma sau ɗaya ake ba shi damar cira. Wanda ya cire shi yana da shekara talatin da biyar ya yi kamar manomin da yunwar bazara ta sa ya cinye irin shukarsa. Ya tsallake wannan watan, damina kuma za ta same shi hannu rabbana. Hukumar NSITF tana karɓar kashi 1 na jimlar albashi daga kamfanoni bisa dokar 2010, amma na wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki ne, bai shafi wanda aka sallama ba. Shirin N-Power da aka fara a 2016 da naira 30,000 a wata na matasan da suka gama karatu ne, ba na magidancin da aikinsa ya yanke ba. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, masu aiki ne suka amfana. Abokan aikina suna gida.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na sha faɗarsa. Za a ce mafi yawan masu neman abinci a ƙasar nan ba 'yan albashi ba ne, me zai sa a damu da 'yan tsiraru? Gaskiya ne 'yan tsiraru ne, amma albashin kowannensu yana riƙe da gida biyu ko uku, da mai kanti da mai kosai da ɗan acaɓan unguwa. Za a ce duk asusun da aka tara a ƙasar nan sai an yi masa ta'annati. Wannan tsoro yana da tushe, amsarsa kuwa ita ce a gina asusun yadda kowane mai zubi zai ga kuɗinsa a wayarsa, a kuma hukunta wanda ya riƙe. Za a ce muna da zumunci da adashi da zakka. Allah ya saka wa 'yan'uwa, domin su ne suka riƙe mutanen nan, ba doka ba. Amma zumunci yana ɗaukar mutum ne idan shi kaɗai ya faɗi. A 2024 wan da za a je wurinsa shi ma yana auna tuwon dare, adashi kuma ba ya zagayowa idan rabin masu zubi sun rasa abin zubawa.

Na bi gidajen waɗanda na san inda suke na nemi yafiyarsu. Yawancinsu sun ce ba komai, haka Allah ya ƙaddara. Ɗaya ya ce mini, "Na yafe maka, Sakatare, amma yafiyar ba za ta biya mini haya ba." Gaskiya ya faɗa. Muka tattara takardun albashi da bayanan asusu muka kai ƙorafi hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Wani lauya ya bayyana mana cewa layin nan na ƙasan takarda bai shafe bashin fansho ba, tunda doka ce ta wajabta shi, sai dai ya toshe mana hanyar neman ƙarin kuɗin sallama. Kamfani ya fara zuba abin da ya riƙe kaɗan-kaɗan, har yanzu bai gama ba. Kuɗin da za su yi wa mutum amfani a bakin azumin 2024 suna iso masa bayan darajarsu ta zube, bayan ya sayar da babur ɗinsa, bayan yaransa sun rasa zangon karatu. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ina da kaso a cikinsa.

Ga ɗan'uwana ma'aikaci, duk wanda ake cire wa fansho ya nemi bayanin asusunsa a wannan watan, ya gwada shi da takardun albashinsa, ya riƙa yin haka bayan kowane wata uku. Ya adana takardar ɗaukarsa aiki da takardun albashi a wurin da ruwa da gara ba za su taɓa ba. Ya san abin da gidansa yake ci a wata, na gaske, har da haya da makaranta da magani, domin da wannan lamba zai raba duk abin da aka ce za a ba shi. Idan ranar ta zo, kada ya sa hannu a wurin da aka miƙa masa takarda. Ya kai ta gida, ya nuna wa wanda ya san doka, ya tambaya a kan tsurar albashi aka yi lissafi ko a kan duka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ɗan abin da zai iya ajiyewa ko sana'ar da zai iya koya, yanzu ne lokacinsu.

Ga wanda ma'aikata suka zaɓa ya wakilce su, kada ka shiga ɗakin sasantawa sai da shaidar zuba fansho a hannunka. Ka sa a rubuta ƙa'idar kuɗin sallama a yarjejeniyar aiki tun kamfani yana cin riba, lokacin da ba wanda ke cikin firgici. Ka nemi a bar wa waɗanda aka sallama katin asibiti na wasu watanni. Ka ambaci 'yan kullum ko da ba sa biyan kuɗin ƙungiya. Idan sunanka ba ya cikin jerin, ka shigar da biyu daga waɗanda abin ya shafa cikin ɗakin, su ji da kunnensu, su yi magana da bakinsu. Idan kuma wani dattijo ya yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce ba ka sani ba, ka ɗage taron.

Dokar albashi ta 2024 ta ce za a riƙa duba mafi ƙarancin albashi duk bayan shekara uku, wato 2027 za a sake zama. Ina roƙon shugabanninmu na manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, da 'yan majalisar da muka zaɓa, su je zaman da buƙata ta biyu tare da ta ƙarin albashi: asusun inshorar rashin aiki da ma'aikaci da mai kamfani za su riƙa zuba wa kaɗan-kaɗan, wanda zai biya aƙalla rabin albashi na wata shida, da kuma gyaran sashe na 20 ya faɗi mafi ƙarancin kuɗin sallama da lamba. Har a samu hakan, rayuwar gidaje da yawa za ta ci gaba da rataya a kan lissafin mutum guda irina a teburin sasantawa, kuma na ga abin da kuskuren mutum guda yake jawowa. Allah ya yafe mini, ya buɗa wa waɗanda suka rasa aikinsu ƙofofin arziki, ya ba duk wanda aka ɗora wa amanar ma'aikata ikon sauke ta.